Idon dillali da takardar ɗalibi: gasar da kwalejojin noma ke buƙata

Idan Babbar Sallah ta rage mako biyu, Unguwar Sanusi da ke Kaduna takan sauya kama. Kusan kowane layi mutum ya bi zai tarar da rago ɗaure a turke a ƙofar gida, kwanon dusa a gabansa, damin harawa jingine da bango, yara sun kewaye shi suna musun na gidan wa ya fi ƙaho. Wasu ragunan matan gida ne suka yi watanni suna kiwonsu da ƙanzo da ƙasari da kowar wake. Wasu kuwa jiya-jiya aka sauke su daga mota a Zangon Tudun Wada, kasuwar dabbobin da ke maƙwabtaka da unguwar, bayan sun kwana a hanya daga Maigatari ko Mai'aduwa ko Illela.

Duk mai son ganin ilimin da ba a rubuta shi a littafi ba, ya tsaya gefe ya kalli tsohon dillali yana duba rago. Ba da taɓawa yake farawa ba. Sai ya ja da baya ya dubi tsayuwar ragon, ya sa yaro ya ja shi 'yan taku don ya ga ko yana ɗingishi. Sannan ya matso ya ɗora tafin hannu a gadon baya, ya nutsa yatsu cikin gashi a daidai ƙugu, ya murza gindin wutsiya, ya laluba ƙirji. Ya buɗe baki ya ƙirga haƙora, ya janye fatar ido ta ƙasa ya leƙa launinta. Daga ƙarshe ya rungumo ragon ya ɗan ɗaga shi ya dire. Kafin mai saye ya gama gaisawa da mai dabba, dillali ya riga ya san shekarun ragon, ya san nama ne a jikinsa ko gashi, ya kuma gane ko cikin nan da ya yi tim ƙiba ce ko ruwan kanwa aka ɗirka masa da asuba. Amma a tambaye shi yadda aka yi ya sani, amsar ba ta wuce, "Alhaji, ai a cikinta muka tashi."

Ɗalibin noma kuwa nasa lamarin daban ne. Zai zayyano sassa huɗu na cikin saniya da aikin kowanne, ya lissafa sinadaran da ke cikin ƙulin auduga, ya zana jadawalin rigakafi ba tare da ya duba littafi ba. Sai dai da yawa daga cikinsu, in aka jera musu karsana huɗu aka ce su zaɓi wadda za ta fi yin uwa, nan ido zai raina fata. Ba laifinsu ba ne. Digirin noma a Najeriya shekara 5 ake yi, akwai kuma shekarar da ake warewa don aikin gona, amma ɗalibai suna da yawa, dabbobin koyarwa kaɗan ne, jarrabawar da ke yanke makomar ɗalibi kuma a takarda ake yin ta. Abin da aka san ba za a gwada mutum a kansa ba, da wuya ya dage ya iya shi.

Amurkawa sun daɗe da gano wata hanya ta rufe wannan giɓi. A shekarar 1900 aka buɗe babban baje kolin dabbobi na birnin Shikago, kuma tun a wannan karo na farko aka haɗa ɗaliban kwalejojin noma gasar tantance dabbobi. Da aka daina baje kolin Shikago a 1975, sai gasar ta koma birnin Luwibil na jihar Kentaki, inda har yau ake yin ta duk watan Nuwamba. Jami'o'in jihohin Tekzas da Oklahoma da Kansas da Ayowa suna da tawagogi na dindindin da malami mai horar da su, suna kuma ji da kofin da suka ci a wannan fage ba kaɗan ba.

Tsarin gasar ba shi da wuyar fahimta. Ana fito da dabbobi huɗu masu jinsi ɗaya da shekaru kusan ɗaya, a liƙa wa kowace lamba daga 1 zuwa 4. A ba ɗalibi kamar minti 15 ya duba su ta gaba da ta baya da ta gefe, wani lokaci a bar shi ya taɓa, sannan ya rubuta jerinsu a kati daga wadda ta fi zuwa ta ƙarshe. Ba a magana da kowa, ba a waiwayen malami. Dabba huɗu ana iya jera su ta hanyoyi 24, don haka caca ba ta kai mutum ko'ina. Kwamitin ƙwararru yana da nasa jerin. Wanda ya dace da shi ya sami maki 50, wanda ya saɓa a rage masa gwargwadon girman kuskurensa: in ya musanya dabbobi biyu da suke kunnen doki, kaɗan zai rasa, in kuwa ya ɗora ramammiya a kan lafiyayya, zai ji a jikinsa. A babbar gasa akan yi rukuni 12 a yini guda, shanu da tumaki da awaki da aladu.

Wannan rabin aikin ke nan. Rabi na biyu shi ne mai tsoka, shi ne kuma dalilin da ya sa ya kamata malaman noma na Arewa su dubi wannan al'ada da idon basira.

Bayan an gama duba dabbobin an mayar da su, ɗalibi zai shiga ɗaki shi kaɗai, ya tsaya gaban alƙali, ba takarda a hannunsa, ya kare jerin da ya yi cikin abin da bai wuce minti 2 ba. Wannan ma maki 50 ne, kuma a babbar gasa sau 8 zai yi hakan. Dabbobin da yake magana a kansu wataƙila tun da hantsi ya gan su, ga shi yanzu la'asar ta yi, ya kuma ga wasu 44 ban da su. Dole ya tuna wace ce mai baƙin kunne, wace ce ƙafarta ta baya ta ɗan karkace. A misalta ɗaliba daga kwalejin noma ta Mando ko ta Samaru tana tsaye gaban alƙali a kan tumaki 'yan ƙasa huɗu da za a ajiye don haihuwa. Abin da za ta faɗa zai yi kama da haka: "Ranka ya daɗe, na jera su 3, 1, 4, 2. Na sa ta 3 a gaba domin ta fi faɗin ƙirji da tsawon jiki, ƙafafunta a miƙe suke, hantsarta kuma ba ƙari, kan nonon biyu daidai suke. Na yarda ta 1 ta fi ta nama a cinya, amma bayanta ya ɗan lotsa. Ta 4 ta bi bayan ta 1 saboda ta fi ta ƙanƙanta alhali haƙoransu ɗaya. Ta 2 na sa ta ƙarshe domin fatar idonta ta yi fari, gashinta a tashe yake, ga alamar zawo a wutsiya."

A lura da abin da wannan 'yar gajeriyar magana ta ƙunsa. Akwai lura, akwai tunawa, akwai yanke hukunci a kan lokaci. Akwai kuma adalci, domin tsarin ya tilasta wa mai magana ya amsa inda dabbar da ya sa a ƙasa ta fi wadda ya ɗora a kanta. In ya faɗi abin da babu shi a jikin dabbar, alƙali ya ga dabbar da idonsa, nan take zai zaftare masa maki. Matashin da ya yi shekara guda yana irin wannan atisaye ya koyi faɗin gaskiya a taƙaice a gaban wanda ya fi shi sani, ba rawar murya, ba kame-kame. A ƙasar da ake tarbiyyar yaro a kan ya sunkuyar da kai gaban babba, wannan horo ne mai daraja, domin yana koya masa ya riƙe ladabinsa ya kuma faɗi abin da ya gani. Ranar da zai tsaya gaban Arɗo ya ce masa wannan bijimin da ake alfahari da shi bai kamata ya ci gaba da barbara a garke ba, wannan horon ne zai cece shi.

Kaduna na da duk abin da ake buƙata a tazarar da ba ta wuce tafiyar safiya ba. A kan titin Mando akwai Kwalejin Noma da Kimiyyar Dabbobi, wadda ta samo asali tun shekarun 1950, take kuma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tare da takwarorinta na Samaru da Kabba. A Shika, kusa da Zariya, akwai Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, wadda ta fara a matsayin gonar kiwo ta gwamnati a 1928 ta zama cibiyar ƙasa a 1976, kuma ita ta samar da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown. Jami'ar Jihar Kaduna na koyar da noma a Kafanchan, Kwalejin Nuhu Bamalli na da sashen noma a Samarun Kataf. Ga makiyaya a Ladduga cikin yankin Kachia. Ga Zango da mayankarta a tsakiyar gari, inda ake shigo da dabbobi iri-iri kowace rana ta Allah. In aka faɗaɗa kaɗan, ga Jami'ar Bayero, ga Kwalejin Noma ta Audu Bako a Dambatta, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi.

Abin da bai kamata ba shi ne a ɗauko ma'aunin Amurka a ɗora wa dabbobin Arewa. Saniyar da za ta ci kofi a Kentaki ba za ta kai ƙarshen bazara a dajin Birnin Gwari ba. Ɗalibin nan gida zai fara ne da sanin nasa: Bunaji fara mai baƙin kunne da hanci, wadda ta fi kowace yawa a garkunan Najeriya, Rahaji ja mai dogon ƙaho da juriyar tafiya, Bokolo ta ƙasar Sakkwato mai guntun ƙaho da sanyin hali, Azawak ta Nijar mai nono. A tumaki ga Balami fari ƙato mai lanƙwasasshen hanci da dogon kunne, ga Uda mai launi biyu, gaba baƙi ko ja, baya fari, ga 'yar ƙasa mai baƙi-baƙi a ido da baki. A awaki kuwa jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce sarauniya, wadda fatarta ta ratsa Sahara tun ƙarnonin baya har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Nijar ta buɗe mata cibiya ta musamman a Maraɗi tun 1963. Kowane iri da abin da ake nema a jikinsa, kuma tambayar farko da za a koya wa ɗalibi ita ce: don me ake son wannan dabbar? Ragon layya daban, ragon da za a sake cikin tumaki daban. San huɗa ƙafa da kafaɗa ake duba masa, saniyar tatsa kuwa hantsa. Ɗaliban Kafanchan, inda ake da babbar kasuwar aladu, za su iya ƙara nasu rukunin, na Sakkwato da Maraɗi su ƙara raƙuma.

A nan ne ilimin aji da na kara suke haɗuwa, kuma abin sha'awa ne yadda suke gaskata juna. Ɗauki haƙora. Saniya da tunkiya da akuya ba su da haƙoran gaba a sama, guda 8 ne a ƙasa. Rago yakan yi famfarar biyun tsakiya tsakanin shekara 1 da shekara 1 da rabi, manya su fito a madadinsu, daga nan kusan duk shekara biyu-biyu suke ƙaruwa har baki ya cika wajen shekara 4. Sa kuwa sai ya kai kimanin shekara 2 ko ya ɗan haura kafin manyan biyu na farko su bayyana. Wannan sani yana da amfani har a addini, tunda littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kaduna, irin su Risala, sun ƙayyade shekarun dabbar layya, sun kuma hana mai ido ɗaya da gurguwa da mara lafiya da wadda ta rame ƙwarai.

Hannun nan da dillali ke dannawa a ƙugun rago, masana sun mayar da shi ma'auni mai lamba: daga 1, wato ƙashin baya na sukar hannu, zuwa 5, inda kitse ya rufe shi ruf. Na shanu masu tozo daga 1 zuwa 9 ne, kuma a Adis Ababa aka wallafa jagoransa a 1986. Leƙa fatar ido ma haka. A Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro katin FAMACHA mai launi 5, daga ja zuwa fari, wanda ake karawa kusa da idon tunkiya ko akuya don gane ko tsutsar ciki ta shanye mata jini, ta yadda mai kiwo zai ba da magani ga masu buƙata kawai maimakon ya ɗura wa garke duka. Zaren awo da aka zagaya ƙirjin sa a bayan ƙafafun gaba yana ba da kimar nauyinsa a inda babu sikeli. Ɗalibin da ya haɗa waɗannan da idon kasuwa zai yi abin da dillali bai cika yi ba: zai rubuta, ya koyar da wani, ya kwatanta dabbar bana da ta bara. Zai kuma gane kirci da sammore da ciwon huhu da ciwon baki da kofato tun suna alamar farko, kafin a kai ga kiran likita a makare.

Akwai tarko a cikin wannan harka, kuma Amurkawan da kansu sun faɗa cikinsa. A shekarun 1940 da 1950 alƙalan baje koli sun raja'a a kan gajerun shanu masu dunƙulallen jiki. Masu kiwo suka bi inda kofi yake, suka riƙa zaɓar bijimai mafi gajarta, ba su ankara ba sai cutar wadanci ta gado ta bazu a manyan irin shanunsu na nama, aka riƙa haifar maruƙan da ba su da amfani, aka tafka asara mai yawa. Ido yana ganin kyau, amma ba ya ganin yawan nonon da uwar karsana ta bayar, ko sau nawa tunkiya ta yi ɓari. Shi ya sa gasar zamani take haɗa wa ɗalibi da takardar bayanan dabba, ya auna abin da ya gani da abin da aka rubuta. A Senegal ma ana ganin ƙarfin gasa da haɗarinta: shirin talabijin na Khar Bii ya ɗaga darajar ragon Ladum har ana sayen guda ɗaya miliyoyin sefa, kiwo ya zama abin tinƙaho ga matasan birni, amma rago ne da talaka ba zai iya ciyar da shi ba. Gasar da za ta amfani Arewa ita ce wadda za ta fifita akuyar da ke haifar tagwaye ta raine su da abincin da matar Unguwar Sanusi ke iya samu.

Haka kuma tara dabbobi daga wurare daban-daban hanya ce ta yaɗa cuta, don haka ba a yin irin wannan taro sai da likitan dabbobi a bakin ƙofa.

Ina ɗalibi zai kai wannan ƙwarewa bayan ya gama? Wuraren suna da yawa. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo. Bankin Manoma, wanda hedikwatarsa ke nan Kaduna, da sauran masu ba da rancen kiwon turke suna buƙatar wanda zai je ya ga san da aka saya da kuɗinsu ya faɗi ko zai yi riba. Shirye-shiryen raba wa mata awaki, irin wanda Jihar Jigawa ta yi, nasararsu na rataye ne a wuyan wanda ya zaɓo awakin a kasuwa. Kamfanin Arla ya buɗe gonar madara a Damau cikin Ƙaramar Hukumar Kubau a 2023. Mayanka na buƙatar masu duba dabba kafin yanka. Wanda kuma bai sami aikin albashi ba, in ya iya sayen ramammen sa mai ƙashi da lafiya bayan kaka, ya turke shi wata 3 ko 4, ya riga ya sami sana'a, domin ribar kiwon turke tun ranar saye ake cin ta ko a rasa ta.

Dole a ce wani abu game da 'yan mata. Yawancin awaki da tumakin da ke cikin gidajen Hausawa na mata ne, su ke ba su abinci, su ke fara ganin wadda ta ƙi ci. Malamin gona namiji ba ya shiga gidan kulle, ɗaliba mace kuwa za ta yi sallama ta shiga har madafa ta ce, "Inna, bari in ga akuyar nan." Tawagar da babu mata a cikinta ta bar masu kiwo mafi yawa a baya.

Fara wannan gasa ba ya cin kuɗi mai yawa. Fili ne da igiya, da katuna, da dabbobi 20 zuwa 24 da za a iya arowa daga gonar makaranta ko daga hannun 'yan kasuwa na yini ɗaya. Alƙalai uku sun isa: malamin kimiyyar dabbobi, likitan dabbobi, da gogaggen dillali ko makiyayi da shugabannin Zango za su zaɓa, a zaunar da shi kujera ɗaya da malaman, a biya shi yadda aka biya su. A bar ɗalibi ya kare jerinsa da Turanci ko Hausa ko Fulatanci, tunda da waɗannan harsuna zai yi aiki. Jami'o'in Najeriya sun daɗe suna haɗuwa a gasar wasanni, Kaduna kuma na da kasuwar baje koli ta duniya da ake ci duk shekara a hanyar Zariya, wadda za ta iya ba da fili da 'yan kallo.

Kira a nan ga shugabannin kwalejojin Mando da Samaru da masanan Shika ne, tare da Ma'aikatar Noma ta Jihar Kaduna da shugabannin kasuwar Zango: su zauna su tsayar da rana, wata guda kafin Babbar Sallah lokacin da dabbobi suka cika gari, su fara da makarantu biyu da ɗalibai biyar-biyar. Iyayen da 'ya'yansu ke karatun noma kuma, in za su sayi ragon layya bana, su tafi da su kara, su bar su su zaɓa, sannan su tambaye su dalili.